Inbata Ba Ta Yankewa Banza: Yadda Nake Bin Sawun Matsala Daga Allo Har Taransifoma

Ranar wata Asabar ina zaune wurin mai shayi a Agege, wani Alhaji mai gidan sanyi ya kira ni. Daskararren kifi da kaji yake ajiyewa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Injiniya, na zuba dukiya a kan rufi, amma da rana ta take sai abin ya kwanta. Da safe yana aiki, da la'asar yana aiki, lokacin da ya kamata ya biya ni kuɗina ne yake barci."

Abin da ke wurin shi ne farantan sola a kan rufi da inbata biyu, wato na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta gida, kowacce kilowat 100, irin marasa batir da ke jone kai tsaye da wutar NEPA. Yana da taransifomarsa ta kansa mai 500 kVA, tana sauke 11,000 zuwa 415, sai janareta mai 350 kVA. Tun da aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, masu samun wuta mafi daɗewa, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, irin wannan haɗi ya yawaita a Legas, kuma kiran da nake samu a kansa kusan kala ɗaya ne. Wanda ya yi wa Alhaji aikin tun farko ya ce masa ya kawo kuɗi a shiga da lambar sirri a "buɗe" saitin, inbata ta daina yankewa. Ni kuma ya kira ni ne don yana zaton zan buɗe masa da araha.

Na ce, "Ranka ya daɗe, maigadinka ne yake ihu da tsakar dare. Ba a ɗaure masa baki, fita ake a ga abin da ya gani."

Abin da maigadin yake tsaro

Maigadin nan inbata ce, haɗarin da take tsaro kuwa a wannan sana'a ana kiran sa tsibiri, kuma mazaunin Ikko ba ya bukatar dogon bayani. A rufe gadar Carter, da ta Eko, da babbar gada ta uku, mutanen cikin tsibiri suna nan da ransu amma an yanke musu manyan hanyoyinsu na zuwa tsallake. Haka layin wuta. An buɗe bireka a tashar da ke ba unguwarku, kowa ya ɗauka layin ya mutu, amma inbatarka ko injinka na ci gaba da ciyar da wani yanki nasa shi kaɗai.

Taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Yadda take sauke 11,000 zuwa 415, haka za ta ɗaga 415 ɗinka ta mayar da shi 11,000, ninki 26 da ɗoriya, ta aika kan turke. Ma'aikacin da aka gaya wa an kashe layi ya hau da tsaninsa, yana da mata da 'ya'ya. Wannan shi ne babban dalili, sauran duk biyo baya suke. Na biyu, in aka maido da wuta alhali tsibirinka ya zame daga takun babban layi, karo ake yi kamar na raguna biyu: janareta kan karya haɗin sandarsa, inbata kan ƙona cikinta. Na uku, cikin tsibiri ba mai riƙe da linzamin bolteji, kayan maƙwabta ne ke biya.

Shi ya sa ƙa'idar IEEE 1547, da hanyar gwaji ta IEC 62116 da masu ƙera inbata ke bi, suka tsaya kan daƙiƙa 2. Daga yankewar layi zuwa lokacin da injinka zai janye hannunsa, kada a wuce haka.

Hanya biyu ake gane tsibiri. Akwai sauraro, akwai tsokana. Sauraro shi ne aikin rile, na'urar da ke sa ido kan wuta tana buɗe bireka in ta ga laifi, kuma ka haddace lambobinsa don su za ka gani a zane: 27 faɗuwar bolteji, 59 hawansa, 81 firikwensi, wato saurin bugun wuta, in ya hau ko ya sauka, 81R saurin sauyawar bugun, 78 tsallen kusurwa. Raunin sauraro shi ne, idan abin da kake samarwa ya yi daidai da abin da lodin wurin ke sha, ko an yanke gada ba abin da zai motsa. Bolteji na nan, bugu na nan, rile bai ji komai ba. Don haka inbata ke ƙarawa da tsokana: kullum tana ɗan tura bugun gefe kaɗan. In babban layi na nan, kamar tura katanga ne. In babu shi, bugun sai ya bi ta, ta ƙara turawa, ya ƙara bi, har ya fita iyaka ta yanke. Abin da ke wahalar da wannan dabara shi ne manyan motocin lantarki masu juyawa, irin na kwamfaresa, da bankin kafasita, domin suna riƙe bolteji da bugu na ɗan lokaci. Gidan sanyi kuwa su ne kayan cikinsa.

Fara da agogo, ba da sukundireba ba

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, shiga tarihin da inbata ke ajiyewa ka kwafe na mako biyu a takarda: ƙarfe nawa, wace ƙara, wato saƙon laifin da ta nuna a allo. Lokacin kan faɗi rabin labarin. In tsakanin sha ɗaya da biyun rana ne, kusan kullum bolteji ne ya hau. In da sassafe ne a damina kuma ta warware da rana ta ɗaga, laima ce ta shiga mahaɗar wayoyin farantai, ba ruwan kariyar tsibiri a ciki, kada ka ɓata lokacinka a nan. In daidai tashin babban kwamfaresa ne, faɗuwar bolteji ce ko tsallen kusurwa. In 'yan mintuna bayan janareta ya karɓi lodi ne, matsalar na wajen cenjoba, makunnin da ke juya lodi tsakanin NEPA da janareta. In kuma tun ranar da aka yi gyara a layin unguwa ta ƙi tashi sam, duba jerin fes, wato wayoyi ukun da ke ɗauke da wuta, wataƙila an juya biyu.

Na Alhaji duk tsakar rana ne, duk hawan bolteji. Don haka na dawo ranar Litinin ƙarfe sha ɗaya da mitar gwaji biyu, na ajiye yarona a babban fanel kusa da taransifoma, ni na hau wajen inbata, muna waya. A wuri biyu ake awo kuma a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka raba laifin kebul da na taransifoma ba. Sha biyu da rabi yaron ya ce 247 tsakanin fes da nutural. Ni ina ganin 253, yana leƙa 254. Iyakar da aka sa wa inbatar ita ce 253, wato 230 da ƙarin kashi 10 cikin 100. Ba ta yi ƙarya ba.

Bolt shida zuwa bakwai ɗin nan na tsakani, kebul ne. Mun saba tunanin bolteji na faɗuwa a doguwar waya, amma in wutar daga inbata take fitowa, dole bakinta ya fi fanel tudu, kamar yadda ruwa ba ya gangara sai daga sama. Lissafin ba wuya. Kilowat 100 a kan 415 kusan amfiya 139 ne. Kebul ɗin tagulla mai kauri 50 yana da turjiya wajen om 0.39 a kilomita, tsawon nasu mita 100 ne, wato om 0.039. Ka ninka, bolt 5.4, in ya sha zafin kwano ya haura 6. Da mai kauri 95 aka ja, da bai kai bolt 3 ba. Araha ba ta ado.

Amma babbar ɓarnar ba a kebul take ba. Me ya kai fanel 247 alhali kwamfaresoshi na aiki? Na sauko na duba taf ɗin taransifoma, wato majuyin da ke ɗaga ko sauke boltejin da take bayarwa, yana kan lamba 5. Yawancin waɗannan taransifomomi suna da matakai biyar, kowanne kashi 2.5 cikin 100, na uku ne tsakiya. A yawancinsu lamba 5 ce ke ɗaga boltejin gida zuwa ƙarshe, amma ka karanta tambarin ƙarfen da ke jikinta, kada ka yi aiki da "yawanci". An kai shi can ne shekarun baya lokacin da wutar layin ke zuwa a raunane, aka manta. Yanzu in layin ya kawo 11,000 cif, 415 ɗin da ke ba da 240 a fes zai koma 252 kafin a ɗora lodi. Ina inbata za ta sami wurin tura tata?

Kada ka yi garajen sauke taf da awon rana kaɗai. Ka dawo ƙarfe takwas na dare lokacin da unguwa ta kunna komai. Namu ya nuna 229. Saukewa zuwa lamba 3 zai rage kashi 5 cikin 100: rana 235, dare 217, duk cikin iyaka. Da a ce awon dare 215 ya nuna, da lamba 4 zan tsaya in sa a canja kebul. Kuma wannan taf ba a juya shi da wuta a jiki. Kamfanin raba wuta ne zai zo ya raba ku da layin 11,000, kai kuma ka kashe inbata, ka cire janareta daga tashi da kansa, ka kulle, a gwada, a ɗaure wayar ƙasa ta ɓangare biyu. Bayan juyawa a auna rabon ninki a fes uku kafin a maido da wuta, don taf ɗin da ya shekara goma bai motsa ba yana iya tsayawa tsakanin mataki biyu. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Saitin ƙasar wasu

Ina cikin saitin na ga an bar inbatocin kan ƙa'idar Jamus, yadda suka fito daga kwali. Wannan ba ya kashe su, cin riba yake a ɓoye. A ƙa'idar Jamus, da bugu ya wuce 50.2 Hz, wato bugu 50.2 a daƙiƙa, inbata za ta fara rage abin da take bayarwa, kashi 40 cikin 100 kan kowane Hz ɗaya. Can bugu ba ya yawo. Mu nan ka sa mita ka zauna, za ka ga yana haura 50.2 ya daɗe a can. A 50.7 ka yi asarar kashi ɗaya cikin biyar na wutarka, allo kuma bai nuna wata ƙara ba. Mai kaya sai ya ce farantan ne jabu.

To a nan ana gyara saiti, amma da hujja da takarda. Ƙa'idar babban layin Najeriya ta sa 49.75 zuwa 50.25 a matsayin zaman lafiya, 48.75 zuwa 51.25 in layi na cikin matsi. Iyakar yankewarka kada ta faɗo cikin wannan tazara, kuma ku rubuta ta da injiniyan kariya na kamfanin da kuke ƙarƙashinsa, Ikeja ne ko Eko. Daidaita iyaka daban, kashe kariya daban. Wanda ya zaɓi saitin da aka tanada don wurin da babu babban layi, don kawai a daina kiransa, ya kashe tsokanar nan da na faɗa ɗungurungum.

Haka rile 81R da 78 a kan janaretan gas da ke tafiya tare da layi. In ka matse su, duk tarin da layin ƙasa ya yi sai sun yanke. Ko Ingila sun sha wannan: ranar 9 ga Agusta 2019 tsawa ta faɗa wa layi, manyan tashoshi biyu suka fita, ƙananan injina masu tsohon saiti suka bi su, wuta ta ɗauke wa gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan ɗaya. Sun bar tsohon saitin 0.125 Hz a daƙiƙa sun koma 1 Hz a daƙiƙa da jinkirin rabin daƙiƙa, suka kuma yi watsi da tsallen kusurwa. Layinmu ya fi nasu rawar kai nesa ba kusa ba, don haka ni ba na jingina ran mutum a kan 78 ita kaɗai.

Abin da dalta ke ɓoye maka

Nan ne nake son ka zauna da kyau, don ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa.

Kusan duk taransifomar da za ka tarar a Legas an rubuta mata Dyn11. Babban D na nufin ɓangaren 11,000 an naɗa shi dalta, waya uku ba nutural. Ƙaramin y da n na nufin ɓangaren gida tauraro ne mai nutural da aka kafa a ƙasa. Lamba 11 kuwa agogo ne: ɓangaren gida na gaba da digiri 30, kamar hannun agogo a kan sha ɗaya. Don sauke wuta zuwa gidaje, haɗi ne mai kyau ƙwarai. Da ka fara tura wuta baya, sai wani hali nasa ya fito.

A ce iskar damina ta tsinka waya ɗaya ta 11,000 ta faɗi a titi. Tashar da ke sauke 33,000 zuwa 11,000, inda aka kafa nutural ɗin layin a ƙasa, ta ga laifin ta buɗe birekarta. Yanzu kai kaɗai ke ciyar da layin, ta cikin dalta, dalta kuwa ba ta da hanya zuwa ƙasa. Ba wani amfiya mai yawa da zai gudana, fiyus ba zai ƙone ba, rilen yawan amfiya ba zai motsa ba. Fes biyun da suka rage, da suke bolt 6,350 tsakaninsu da ƙasa, za su hau zuwa 11,000, masu kama tsawa su fara fashewa ɗaya bayan ɗaya. Kai kuma a ɓangaren 415 mitarka na nuna komai lafiya lau. Wayar na kwance cikin ruwan da yara ke tsallakawa, kuma da rai.

Inbata mai lafiyayyar tsokana za ta fita cikin daƙiƙa biyunta. Janareta mai juyawa ba ya tsokana, zai riƙe tsibirin muddin lodin bai fi ƙarfinsa ba. Maganin shi ne rile 59N, kuma a ɓangaren 11,000 ake ba shi ido. Ana ɗaura ƙananan taransifomomin awo uku, ɗaya kan kowane fes, a jera naɗinsu na biyu kamar dalta amma a bar kusurwa ɗaya a buɗe, a sa rilen a giɓin. In lafiya, giɓin sifili ne. Fes ɗaya ya taɓa ƙasa, bolteji ya bayyana a wurin, rile ya buɗe birekarka. A ba shi ɗan jinkiri don kada laifin layin maƙwabta ya riƙa fitar da kai. Ni dai duk wurin da injin mai juyawa zai yi tafiya tare da layi, ko sola ta kai girman da za ta iya ɗaukar lodin unguwa da rana, ba na sa hannu sai da shi. In wurin babba ne sosai, a ja saƙo kai tsaye daga birekar tasha zuwa taka, tana buɗewa taka ta buɗe. Ya fi tsada, ya fi komai tabbas.

Wani zai ce, to a sayi taransifoma mai tauraro a ɓangaren 11,000 a kafa nutural ɗinta a ƙasa mana. Yana hana hawan boltejin, gaskiya ne. Amma daga ranar taransifomarka ta zama mai ba da gudummawa ga duk laifin ƙasa da ya auku a layin, ko injinka na kashe, tana rage abin da rilen tasha ke gani. Wannan ba shawarar da kai da Alhaji za ku yanke a ofishinsa ba ce, ta masu layin ce.

Dalta na da wata alama da ya kamata ka gane da kallo ɗaya. In fiyus ɗaya ya faɗo a kan turke, a gida za ka ga fes ɗaya cikakke, wajen 240, biyu kuma kusan rabi-rabi, wajen 120. Inbata za ta yi ta ƙarar faɗuwar bolteji, kuma in motoci na juyawa suna iya cike fes ɗin da ya ɓace har lambobin su rikita ka. Kashe lodi ka sake awo, sannan ka fita ka ɗaga kai. Kuma in za a mayar da fiyus ɗaya-ɗaya da sanda, buɗe birekar inbata tukuna. Taransifoma marar lodi da dogon kebul na ƙarƙashin ƙasa, in aka ba ta fes ɗaya ko biyu, takan shiga wani gurnani mai haɗe da hawan bolteji, abin da ke fara mutuwa kuwa su ne masu kare inbata daga tsawa.

Sai batun taransifoma ta biyu. Kasuwa ta buɗe, mai wuri ya samo tokumbo da araha, yana so a haɗa su su yi aiki tare. Karanta tambarin, sannan kada ka yarda da shi, don an sha sake naɗi ba a sake tambari ba. Ba su wuta duka biyu, ka bar birekar tsakiya a buɗe, ka auna tsakanin kowane fes da takwaransa. Kusan sifili ake so a duka ukun. In ka ga wajen 124, digiri 30 ne tsakaninsu, irin Yyn0 da Dyn11, ba dabarar da za ta haɗa su. In ka ga wajen 240, digiri 60 ne, irin Dyn1 da Dyn11, wannan ana gyara shi da musanya fes biyu a sama da takwarorinsu a ƙasa, a sake awo. Taf ɗinsu ma ya zo ɗaya.

Nutural kuma, a kansa na taɓa jin kunya. Shekarun baya a wajen Apapa na sa wani bawan Allah ya sayi sabon katin inbata, ƙarar ta dawo washegari. Ashe iskar gishiri ce ta cinye kan nutural a gindin taransifoma. Da na auna fes uku da nutural tun farko, da na ga ɗaya 280 ɗaya 190 alhali tsakanin fes da fes komai daidai. Kuɗin katin daga aljihuna ya fita. Tun ranar nake fara taɓa wannan noti, in kuma duba ko ɓarayin tagulla sun bar wayar ƙasa. Ka tabbata ma saitin inbata ya dace da wayoyin da aka ja mata, uku ne ko huɗu.

Janareta ba NEPA ba ne, amma inbata ba ta sani ba

An ɗauke wuta, inbata ta fita yadda ya kamata, cenjoba ta juya, janareta ya tashi. Inbata ta leƙo ta ga 415 da 50 Hz, ta ce layi ya dawo, ta shigo da ƙarfinta duka. In ɗakunan sanyi sun riga sun yi sanyi, lodi ya ragu, rarar wutar ba ta da wurin zuwa sai cikin janareta. Bolteji da bugu su hau, inbata ta fita, lodi ya faɗo wa injin gaba ɗaya, bayan ɗan lokaci ta dawo, a sake. Haka za a yi ta yi har katin da ke daidaita boltejin janareta ya gaji.

Mafi sauƙin magani, ka ɗauko saƙo daga ƙaramin maɓallin da ke jikin cenjoba, in tana ɓangaren janareta inbata ta zauna a kashe. In mai wuri na son ya rage shan dizal da rana, sai an sa na'urar da ke auna lodin janareta tana rage wa inbata ƙarfi, ta bar wa injin aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa, don injin dizal da ke tafiya ba lodi yana tara baƙin mai a salansa. A kowane hali a sa wa janareta rile 32 mai ganin wuta ta juyo baya. Cenjoba ta zama mai ƙafa huɗu, tana raba nutural ma, in janareta na da nasa haɗin da ƙasa.

Duba si-ti kuma, zoben awon nan da ke hana tura wuta waje. Na Alhaji ɗaya an sa shi a juye, kibiyar na kallon taransifoma maimakon lodi. Ka kashe sola, ka kunna lodi, fes ukun duk su nuna ana sha. Wanda ya nuna akasi, juya shi, amma ka gajarce wayoyinsa biyu kafin ka kwance su, ba a barin si-ti a buɗe da lodi a kai. Abin ya shafi aljihu ma, don akwai mitocin da ba su bambanta shiga da fita, wutar da ka ba layi kyauta sai a caje ka kuɗinta.

Gwajin da ba na tafiya sai na yi

Takardar masu ƙera inbata ta ce ta ci gwaji a ɗakin bincikensu, ba a gidan kifin Alhaji ba. Ka zaɓi rana mai haske, ka hana janareta tashi da kansa, ka sallami kowa daga ɗakin fanel. Kunna ko kashe lodi har abin da ke ratsa babbar bireka ya kusa sifili, wato sola da lodi sun yi kunnen doki, domin nan ne kariyar ta fi rauni. Maƙala na'urar da ke naɗar bolteji a ɓangaren lodi, ka buɗe babbar bireka. Yi shi da bankin kafasita a ciki, ka sake ba shi. Masu gwajin IEC 62116 suna yi a cikakken ƙarfi, da kashi 66, da kashi 33, ni ma haka nake kwaikwaya gwargwadon yadda rana ta ba ni. Ka lura, motoci kan bar ɗan bolteji yana dusashewa bayan inbata ta fita, don haka amfiyar inbata za ka kalla ka san lokacin da ta saki. Rilen waje, irin 59N da 32, da akwatin gwaji ake yi musu allura ɗaya bayan ɗaya, a ga birekar ta buɗe da gaske, ba fitila kawai ta kama ba. Kwantakta mai haƙoran da suka manne takan nuna ta buɗe alhali tana rufe. Sakamakon duka a rubuce, kwafi ga mai wuri, kwafi a fayil ɗin da jami'an NEMSA, hukumar da ke duba ingancin haɗin wutar lantarki, za su duba.

A wurin Alhaji mun yi sau shida, mafi daɗewa bai cika daƙiƙa ɗaya ba, kuma da kafasita a ciki ne. Na mayar da jinkirin dawowa minti biyar, kamar yadda IEEE 1547 ta tanada, maimakon minti ɗaya na Jamus, don wutarmu takan zo ta koma ta sake zuwa kafin ta zauna. Da aka maido da bireka Alhaji ya tsaya gaban allo yana kallon lambobi na sauka daga 300, ya juyo ya ce, "Injiniya, wannan minti biyar ɗin fa, ba za a rage mini ba?" Na ce a'a, ranka ya daɗe. Kebul ɗin inbata ta biyu ne dai har yanzu muke ja-in-ja a kansa, ya ce sai bayan Sallah in kaya sun fita.